Hunturun 2022 zuwa 2023 a biranen Jihar New York: dusar ƙanƙara nawa ta sauka a garinku?

Mai buɗe zance, daga Rochester

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. A makon ƙarshe na Disamban 2022 mahaifiyata ta kira ni daga Zariya hankalinta a tashe, domin ta ji a rediyo cewa dusar ƙanƙara ta binne mutane a New York. Na leƙa ta taga ina riƙe da waya, ga ciyawar ƙofar gidanmu tana leƙowa ta cikin ɗan farin da iska ta watso. Da ƙyar ta yarda cewa ba ɓoye mata nake yi ba. Tsakaninmu da Buffalo bai wuce mil 75 ba, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna, amma a ƙididdigar hukumar kula da yanayi Rochester ta samu inci 50 da ɗoriya a duk hunturun, alhali matsakaicinmu inci 102 ne, wato ko rabin abin da aka saba ba mu kai ba. Ina roƙon mazauna sauran biranen jihar su faɗa mana abin da suka gani da idonsu, da yadda ya yi daidai ko ya saɓa da matsakaicin garinsu.

Daga kudancin Buffalo

Wa alaikumus salam, Malam. Hajiya tana da gaskiya, garin ne kawai ta kuskure. Matsakaicin Buffalo inci 95 ne da ɗan ɗori, mu kuwa bana mun haura inci 133, kusan mita uku da rabi ke nan ga wanda ya fi gane lissafin mita. Abin da alƙaluman ba za su nuna maka ba shi ne cewa mafi yawan wannan ya sauko ne a karo biyu kacal.

Karo na farko shi ne daga 17 zuwa 20 ga Nuwamba. Ina zaune kusa da Orchard Park, inda aka auna kusan inci 80 cikin kwanaki ukun nan, har sai da aka ɗauke wasan ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta Buffalo Bills, wadda filinta yake can, aka kai shi Detroit saboda guguwar. Na buɗe ƙofar gida da asuba na tarar da bango fari tun daga ƙasa har ƙirjina, da shatar ƙofar a jikinsa. Ni da maƙwabcina mun yi wuni guda da shebur kafin mu gano inda motocinmu suke. Abin mamaki, abokin aikina da ke arewacin birnin, wajen Amherst, ya aiko mini da hoton titinsu a yini na farko, dusar ko idon sawu ba ta kai ba.

Karo na biyu, daga 23 ga Disamba, ya fi muni nesa ba kusa ba, duk da cewa a unguwarmu yawan dusar bai kai na Nuwamba ba. Iska ce ta yi ɓarnar. Ta haura mil 70 a awa, kuma an yi kusan awa 37 mutum ba ya ganin gidan da ke tsallaken titi. Filin jirgin sama ya auna sama da inci 50 kafin abin ya lafa, an hana tuƙi a cikin birnin har zuwa 29 ga wata, kuma fiye da mutum arba'in sun rasu a yankin, wasu a cikin motocinsu, wasu a gidajen da wuta ta ɗauke. Mu ma wutarmu ta ɗauke kwana biyu, muka tattara yara a ɗaki ɗaya da duk bargunan gidan. Bayan wannan kuwa Janairu ya zo da laushi, har na manta inda na jingine shebur. Saboda haka idan aka ce mun haura matsakaici da inci 38, a kunnena ba hunturu mai tsawo ake nufi ba, kwanaki takwas ake nufi.

Daga Syracuse

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye gaba. Mu nan labarinmu irin na Malam ne na Rochester. Syracuse ce ta fi kowane babban birni a jihar yawan dusa bisa al'ada, matsakaicinta ya kusa inci 128, kuma a hunturun 1992 zuwa 1993 ta taɓa samun inci 192. Akwai wata gasa ta raha tsakanin birane biyar, Syracuse da Rochester da Buffalo da Binghamton da Albany, mai suna Golden Snowball, wato dunƙulen ƙanƙara na zinariya, wadda birnin da ya fi dusa yake ɗauka, kuma Syracuse ta fi kowa lashe ta. Bana inci 65 muka tashi da shi, Buffalo ta ninka mu.

Ni abin ya taɓa aljihuna. Tun watan Oktoba na biya wani mai motar ture dusa kuɗin hunturu gaba ɗaya, domin a shekarun baya lissafin zuwa ɗaya-ɗaya ya fi tsada. Bana zuwansa bai taka kara ya karya ba, kuma ba ni da bakin ƙorafi, tunda ni na zaɓi tsarin. Buhunan gishirin da na saya don barbaɗawa a matakala suna nan a gareji, biyu ko buɗe su ban yi ba.

Ɗalibar nazarin yanayi, daga Oswego

Yayyena, ku ba ni dama in ɗan yi bayani, domin abin da ya raba Buffalo da Rochester da Syracuse bana abu ɗaya ne, wato inda iska ta fuskanta. Mafi yawan dusar waɗannan birane uku daga tafkunan Erie da Ontario take tasowa. Idan iska mai tsananin sanyi ta ratso saman ruwan da bai daskare ba, kuma bambancin zafin ruwan da na iskar da ke sama da shi da kusan kilomita ɗaya da rabi ya kai digiri 13 a ma'aunin Salsiyas, sai ta kwashi ɗumi da danshi, ta haɗa gajimare siriri mai tsawo, ta juye shi a gaɓar da ta fara isa. Faɗin wannan zirin sau da yawa bai wuce mil goma zuwa ashirin ba, shi ya sa Yaya na kudancin Buffalo yake haƙa rami yayin da abokin aikinsa yake ganin kwalta. Duk wanda ya taso a ƙauye ya san damina mai jiƙa gonar wani ta tsallake ta maƙwabcinsa, to wannan ma haka yake, sai dai a nan ana iya nuna dalilin a taswira.

Tafkin Erie ya miƙe ne daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, tsawon mil 241, kuma Buffalo tana zaune daidai bakin ƙarshensa. Iskar kudu maso yamma tana bin tsawon tafkin gaba ɗaya kafin ta sauke kayanta a kansu. Irin wannan iska, idan ta hau Ontario, Watertown da tudun Tug Hill, da ke gabashin tafkin, take nufa, kuma su ma sun sha dusa a Nuwamba da Disamba. Rochester tana kudancin Ontario, tana buƙatar iskar arewa ko arewa maso yamma, Syracuse ma ta arewa maso yamma take jira. Manyan guguwowin bana biyu duk da iskar kudu maso yamma suka zo, sannan Janairu da Fabrairu suka yi ɗumi, sanyin da zai tayar da tafkin bai samu ba sosai.

Akwai kuma batun zurfi. Erie ne mafi ƙarancin zurfi a manyan tafkuna biyar na Arewacin Amurka, matsakaicinsa kusan mita 19, don haka yakan daskare a tsakiyar hunturu, kuma da zarar ya rufe dusar Buffalo ta ragu. Ontario ya kai kusan mita 86, da wuya ya daskare, wannan ne ya sa Syracuse take ci gaba da samu har Maris, kuma matsakaicinta ya fi na Buffalo duk da cewa Buffalo ce ta yi suna a labarai.

Daga Bronx, birnin New York

Ƙanwata, Allah ya ƙara basira. Mu a nan babu tafkin da za mu ɗora wa laifi, dusarmu daga guguwar da ke bin gaɓar tekun Atlantika take zuwa, kuma bana ba ta zo ba. Matsakaicin da ake aunawa a lambun Central Park na birnin ya kusa inci 30, amma duk hunturun inci 2.3 aka samu, mafi ƙanƙanta tun da aka fara ajiye ƙididdiga a 1869. Dusar farko da ta isa a auna sai ranar 1 ga Fabrairu ta sauka, ita ma ba ta kai rabin inci ba, kuma ba a taɓa yin jinkiri irin wannan ba. Ina tuƙa motar haya, kuma shekarata goma sha ɗaya a nan ban taɓa ƙare hunturu ban ga motocin kwashe shara sanye da garmar ture dusa suna jere a titi ba sai bana.

Wani ƙanena ya iso daga Kumasi a watan Disamba, na sa shi ya sayi takalman dusa masu tsada, na cika shi da labarin Janairun 2016, lokacin da guguwa ɗaya ta sauke inci 27 da rabi aka rufe tituna. Har yau yana tsokanata, yana cewa in biya shi kuɗin takalmansa. Abin da na lura da shi a shekarun nan shi ne cewa inci 30 ɗin nan ba kasafai ake ganin sa ba. Wata shekarar a samu 50 ko 60, wata shekarar a samu biyar, domin guguwa biyu ko uku ne ke yanke hukuncin hunturun gaba ɗaya.

Daga Albany

Mu dai a taƙaice mun kusa matsakaicinmu, wanda yake inci 59, kuma guguwar 14 ga Maris ce ta cike mana giɓin. A cikin gari abin da ya sauka mai nauyi ne, jiƙaƙƙe, mai karya rassan itatuwa, amma a tuddan da ke kewaye da mu an samu wuraren da suka haura inci 30 a wannan karon kaɗai.

Mai buɗe zance, daga Rochester

Na gode ƙwarai. Ina da tambaya ga ƙanwarmu ta Oswego. Na auna da sandar awo a bayan gida sau da dama, ban taɓa ganin abin da ya kusa inci 50 ba, ko a shekarun da aka ce mun samu 100. Shin ta yaya ake haɗa wannan lissafi, kuma shi kansa matsakaicin daga ina aka samo shi?

Ɗalibar nazarin yanayi, daga Oswego

Yaya, abin da kake aunawa zurfin dusar da ke kwance ne, ita kuwa tana danƙarewa, tana narkewa, iska tana kwashe ta. Abin da hukuma ke tarawa shi ne sabuwar da ta sauka. Ana ajiye farin katako a fili, a auna abin da ya taru a kansa, a share, ba fiye da sau ɗaya a cikin awa shida ba, sannan a haɗa jimillar daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Yuni. Dusar tafki kuma sakwaf take, inci ashirin ko fiye nata kan narke ya ba da inci ɗaya na ruwa, yayin da irin jiƙaƙƙiyar da aka ambata daga Albany inci goma ko ƙasa da haka ke ba da inci ɗaya. Don haka inci goma na Syracuse da inci goma na Albany ba nauyinsu ɗaya ba a kan shebur.

Matsakaicin kuwa na shekara talatin ne, kuma ana sabunta shi duk bayan shekara goma. Wanda muke amfani da shi yanzu na 1991 zuwa 2020 ne, an fitar da shi a 2021. A tsohon, na 1981 zuwa 2010, na birnin New York bai kai inci 26 ba, sai manyan guguwowin shekarun baya-bayan nan suka ɗaga shi. Wani abin kuma, kowane birni wuri ɗaya ake auna masa, galibi filin jirgin sama. Na Buffalo yana Cheektowaga, gabas da birnin, na Binghamton kuma a kan tudu yake, sama da cikin gari.

Daga kudancin Buffalo

To wannan ya warware mini wani abu da ya daɗe yana damuna. A guguwar Nuwamba filin jirgi bai samu rabin abin da ya sauka a Orchard Park da Hamburg ba, ke nan inci 133 ɗin da na kawo muku ba na ƙofar gidana ba ne, namu ya fi haka. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya ga hunturun 1976 zuwa 1977 lokacin da filin jirgin ya auna inci 199, ya daɗe yana gaya mini cewa tun kafin in kama haya ya kamata in tambayi ko gidan yana arewa ko kudu da tsakiyar birnin. A lokacin na ɗauka zancen tsofaffi ne. Kwantiragin hayata zai ƙare a watan Agusta, kuma na riga na fara duba gidaje a wajen Tonawanda, arewa da birnin.