Neman kalma: me za mu ce wa realignment a shirin siyasa?

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum malamai. Gobe da ƙarfe 9 na safe nike da shiri kan yadda sabuwar jam'iyya ke shigowa ta birkita tsofaffi. Baƙona ba ya rabo da kalmar realignment, watau masu zaɓe da jiga-jigai su tashi daga inda suka saba su sake jeruwa, kuma abin ya zauna. Me zan ce?

Ɗan Ƙofar Soro: Sauya sheƙa mana.

Mai shirin rediyo: Wannan ta ɗaiɗaikun mutane ce. Gwamnoni biyar da suka bar PDP a Nuwamba 2013 sun sauya sheƙa. Ni abin da ya biyo baya nike nema: 2015, PDP ta faɗi bayan shekara 16, Katsina ta koma hannun Masari.

Hajiya daga Daura: To ka ce maja. Ai ita ta haifi abin, ACN da CPC da ANPP da ɓangaren APGA suka narke, INEC ta yi wa APC rajista a Yulin 2013.

Malamin Hausa: Hajiya, maja Turanci ne aka sa wa hula. Kuma Faransa fa? Macron ya kafa tasa jam'iyyar a 2016 ba tare da wata maja ba, ya ci zaɓe a 2017, a 2022 'yar takarar jam'iyyar Gurguzu, ɗaya daga cikin tsofaffin, ko kashi 2 cikin ɗari ba ta samu ba. Ni na daɗe da ƙirƙiro sakezubi, kalma ɗaya, kamar adashi.

Ɗan Ƙofar Soro: Allah gafarta malam, mai sauraro zai zaci gini za a sake. A ce sake lale, kowa ya san ta.

Malamin Hausa: Kalmar 'yan karta! A gidan rediyo? Wannan sakaci ne ya sa Kananci ya zama ma'auni muka zuba ido.

Hajiya daga Daura: Malam, jam'iyya da siyasa duk Larabci ne, ban ji ka kore su ba. In kuwa asali ake taƙama da shi, Daura za a zo a tambaya.

Malamin Hausa: Kusugu rijiya ce Hajiya, ba ƙamus ba. Hasumiyar Gobarau kuwa tamu ce a Katsina.

Mai shirin rediyo: Don Allah a dawo. Sake lale ta fi kusa, sai dai tana nuna abu na wucin gadi. PRP ta ci gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, har da mu Katsina a ciki, aka tsige gwamnanta Balarabe Musa a 1981. An sake lale, amma bai zauna ba. Zan ce sake lalen siyasa, in ƙara da mai ɗorewa inda ya kamata.

Malamin Hausa: Ban yarda ba, amma shirinka ne. Ka ambaci sakezubi ko sau ɗaya, ka ce daga Katsina ta fito.