Gashi a haɓa, al'ada ta ɓata: musayar waƙa

Ummu Sadiq:
Salam 'yan uwa, jiya na karɓo sakamakon sikanin likita ta ce PCOS ne, wato matsalar ma'ajiyar ƙwai da ke rikita al'ada, wallahi barci ya gagare ni sai na tashi na rubuta wannan, mai amsawa ta amsa da waƙa don Allah banda wa'azi

Wata huɗu ban ga al'ada ba,
Na yi gwajin ciki bai nuna ba,
Gashi ya tsiro min a haɓa,
Ina tsigewa a ɓoye da asuba.
Wuya ya yi baƙi, na dirza bai fita ba,
Ƙiba ta zo ban gayyace ta ba,
Uwar miji na ta leƙen cikina,
Wai shekara uku har yau ban ajiye ba.

Hajiya Babba:
'Yata wannan ai sanyi ne,
Ko kuwa shafar aljani ne,
Akwai mai sassaƙe a unguwarmu,
Galan guda dubu biyar ne.

Anti Nas:
Hajiya ki yi haƙuri zan ɗan saɓa miki, shekarata goma sha ɗaya ina aiki a ɓangaren mata na asibiti

Ƙanwata share hawayenki,
Ba dauɗa ce ta kama wuyanki ba,
Insulin mai daidaita suga ne ya yi yawa a jininki,
Jiki ya daina jin maganarsa,
Sai sinadarin maza ya haura miki,
Shi ya kawo gashi da ƙurajenki.
Ƙwai ya taso ya tsaya a hanya,
Bai nuna ba balle ya sauko miki.

Su ne ƙananan ƙwayayen da aka gani a sikanin jere kamar carbi, ba ƙari ba ne kar ki tsorata. Tun 2003 da likitoci suka zauna a birnin Rotterdam ake duba abu uku, rikicewar al'ada, alamar sinadarin maza, sai hoton ma'ajiyar ƙwai, in biyu sun haɗu kuma an tabbatar ba matsalar tayirod (wata halitta da ke wuya) ko wata cuta ba ce shikenan. Ke kuma ukun duk kin haɗa

Hajiya Babba:
To 'yar boko na ji na sauka,
Mu a zamaninmu sai dai jiƙo mu ɗauka... ke dai ki ci gaba

Maman Biyu:
Ni ma an kira ni juya,
A gidan biki, a gaban kishiya,
Na sha jiƙo har na rame a zuciya,
Aljihun maigida ya sha wuya.
Sai likita ta ce in bar lemon kwalba,
Tuwon shinkafa in rage malmala,
Na koma acca da wake da zogale,
Kullum bayan la'asar ina zaga fili da sauri.
Kilo 92 na sauko 85,
Al'ada ta dawo da kanta ba kira.
Letrozole na saukar ƙwai kwana biyar, zagaye na uku,
Ga Hassan ga Husaina suna ta ɓarna.

Waƙar ta karkace a ƙarshe ku yi haƙuri, Husaina ce ta ƙwace wayar

Anti Nas:
Barka Maman Biyu amma kar wata ta ruga kemis,
Maganin saukar ƙwai sai da likita da sikanin.
Kuma Ummu, in al'ada ta wuce wata uku shiru ki koma asibiti ko ba ciki kike nema ba, bangon mahaifa yana kauri in aka bar shi, sannan a riƙa auna miki suga lokaci lokaci

Ummu Sadiq:
Anti an ba ni metformin, maganin suga, na fara,
Cikina sai ƙugi yake kamar ana tsawa,
Banɗaki sau huɗu tun safiya,
In bari ne ko in daure wa wahala?

Anti Nas:
Da abinci za ki sha, ba da yunwa ba,
Mako biyu zuwa uku yakan lafa,
In bai lafa ba ki koma wurin likita,
Akwai mai sakin kansa a hankali, ta canza.

Ummu Sadiq:
Na gode, ashe ni na jawo, da shayi kawai nake haɗiyewa. Maman Biyu accar nan fate kike yi ko dafa-duka?