Wa ya taɓa kai tsohon hoto gyara a kwamfuta? Yaya ya dawo?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hoton kakanmu guda ɗaya tak ya rage mana, baƙi da fari, tun yana fataucin goro. Damshin Kumasi ya sa fumfuna ta cinye gefe ɗaya har kafaɗa. Na kai wa wani yaro a Adum, ya ce in zaɓa: a bar shi baƙi da fari, a ba shi ruwan ƙasa irin na da, ko a sa masa kala. Waɗanda suka taɓa yi, me kuka gani?

Hajiya daga Asawase: Wa alaikumus salam ɗana. Kafin ka yi maganar kala, ka tsare fuska. Jikata ta saka hoton mahaifiyata a wata manhajar waya mai ƙirƙirarriyar basira, cikin minti ɗaya ya fito fes, yara na ta tafi. Ni da na duba sai gabana ya faɗi. Inna tana da zane a kumatu biyu, manhajar ta ɗauka ƙarzuwar takarda ce ta goge shi tas. Ta cike mata wushirya, ta kuma haska ta, alhali Inna baƙa ce wuluk, kuma da baƙinta ake yabon ta a Zango. Matar da ta fito kyakkyawa ce, amma ban san ta ba. Na ce a goge, kada watarana jikoki su nuna wa 'ya'yansu su ce ga kakarsu.

Mai hoto a Alabar: Gaskiyarki Hajiya. Irin waɗannan manhajoji ba tono abin da ya ɓace suke yi ba, cike gurbi suke yi da abin da suka koya daga fuskokin wasu. Shi ya sa ni fuska da hannu nake binta, tabo bayan tabo, zane kuwa sai na tambayi mai hoton kafin in taɓa.

Ɗan'uwa, ga yadda nake yi. A yi sikanin a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, kuma a yi shi a matsayin mai kala ko da hoton baƙi da fari ne, domin tabon fumfuna yana da nasa launin, ya fi sauƙin warewa. A adana na farko a TIFF, wato nau'in fayil da ba ya rage ingancin hoto, kada a taɓa shi, a yi aiki a kan kwafi. A ɗauki bayan hoton ma, sau da yawa a can hatimin situdiyo yake, ko rubutun ajami mai suna da shekara. In ya manne da gilashin firam kada ka ɓamɓare, fuskar za ta bi gilashin, a ɗauke shi a haka. In za ka tura wa dangi ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba ana matse shi.

Ruwan ƙasa kuma iri biyu ne. Akwai wanda masu wanki suka yi da gangan da sinadarin farar wuta don hoton ya daɗe, yakan zama bai ɗaya ko'ina, wannan ina barin sa. Akwai na tsufa mai dabbare-dabbare, shi nake ragewa. Ɗora wa hoton da bai taɓa zama ruwan ƙasa ba wannan launi don a ce ya tsufa, ni dai ba na so.

Malamin makaranta, Sawaba: Ni zan ɗan saɓa muku. Hoton babana ya yi shekaru a bango, babu yaron da ya taɓa tsayawa a gabansa. Ranar da aka sa masa kala suka fara tambaya, wane ne wannan, ina ne nan. Sai dai ba na'ura ta zaɓi launin ba. Gwaggo na zaunar kusa da mai gyaran, ta ce rigar saƙi ce mai baba, rawanin fari, buzun da yake zaune a kai ruwan goro. Abin da ba ta tuna ba muka bar shi a dushe. Na rataye biyun kusa da juna, na rubuta a ƙasan sabon cewa kalar daga baya aka sa.

'Yar Nima: Gaisuwa daga Accra. Namu hoton fareti ne na 'yan makaranta, an rubuta 1965 a baya. Mai gyara ya sa wa tuta ja, ruwan ɗorawa da kore kamar yadda kowa ya sani. Kawu yana gani ya ce a'a, daga 1964 zuwa 1966 tsakiyar tutar Ghana fari ce, sai bayan an kifar da Nkrumah aka dawo da ruwan ɗorawa. Da muka koma kan asalin, tsakiyar fari ce fat kamar rigunan yaran.

Ɗan Yelwa: Ku da kuke da na asali ku gode wa Allah. Namu sun tafi Najeriya cikin akwatin Baba Ƙarami lokacin korar baƙi ta Firaministan Ghana Busia a 1969, abin da muka samu sai wanda aka ɗauka da waya daga Kano, hasken taga ya cinye rabin fuska.

Hajiya daga Asawase: Malam mai hoto, hoton aurena mai kala ne, amma duk ya koma ja, har farin mayafina. Shi ma sai an ƙirƙiro?

Mai hoto a Alabar: A'a Hajiya, naki ya fi sauƙi. Wankin hoto mai kala ya fara a ƙasar nan ne wajen 1970, lokacin da James Barnor, mai ɗaukar hoto ɗan Ghana, ya dawo daga Ingila ya kafa ɗakin wankinsa a Accra, kuma takardun wancan zamani rini kala uku ne a jikinsu. Mai shuɗi-shuɗin ne yakan riga dushewa, sai ja ya rinjaya. Sauran launin yana nan. Da mayafin zan daidaita, in ya koma fari sauran su biyo shi. Ki aiko jikarki da shi cikin ambulan, kada ta naɗe, kuma ki gaya mata launin atamfar da kika ɗaura don in gwada da shi.