Neman kalma: me za mu kira "breakout room" a ajin intanet?

Malamar Kimiyya:
Assalamu alaikum malamai. A darasin kai tsaye ta Zoom, Google Meet ko Teams akwai abin da ake kira breakout room: malami ya rarraba ɗalibai kashi-kashi, kowane kashi ya keɓe ya yi aiki, sannan a dawo da su. Wasu na rubuta "ɗakin hutu", kuma kuskure ne babba, domin yaro zai ɗauka an sallame shi, ya kashe kyamara ya tashi. Ina neman sunan da ɗalibi zai ji ya san aiki aka tura shi.

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam Malama. Me zai hana "halƙa"? Ɗalibai sun san ta.

Malamar Kimiyya:
Allah gafarta Malam, halƙa malami ake kewayewa. A nan kuwa malamin ba ya ciki, leƙowa kawai yake yi.

Injiniya:
Mu duba yadda abin ke aiki, sunan zai fito. Da zarar an tura ɗalibi, ya daina jin babban aji gaba ɗaya; murya da hoto da saƙon rubutu duk na 'yan kashinsa ne kaɗai. Ke nan wuri ne mai ƙofa, don haka "ɗaki" ya dace. "Ɗakin tattaunawa" zai rikice da wurin rubuta saƙo, "ɗakin keɓewa" kuma ya yi kama da horo. Akwai "ɗakin jira" da aka riga aka ba wurin da ake tsayawa kafin malami ya shigar da mutum, kada mu taɓa shi. Shawarata: "ɗakin rukuni", jam'i "ɗakunan rukuni".

Malamin Lissafi:
Na yarda, Injiniya. To babban ajin sai mu ce "zaure", tunda a gida ta zaure ake shiga, ta nan ake fita. Umarnin ya zo da sauƙi a baki: "na buɗe ɗakuna", "ku shiga ɗakunanku", "ku komo zaure".

Mai Horar da Malamai:
Sunan ya zauna, amma Malama, suna kaɗai ba zai hana ɗakin yin tsit ba. Abin da ke kashe ɗakin rukuni shi ne a tura yara ba tare da sun san aikin ba. A faɗi aikin a zaure, a rubuta shi, a sa ɗalibi ɗaya ya maimaita, sannan a buɗe. Mutum 3 zuwa 5 a ɗaki. Idan suka kai 8, biyu za su yi ta magana sauran su kashe makirufo su ɓace. A naɗa mai rubutu da mai kawo rahoto tun kafin su tafi. Minti 8 zuwa 10 ya ishi tambaya ɗaya, kuma mai Zoom na kyauta ya tuna cewa minti 40 gare shi duka.

A Zoom hanyar rabo uku ce: manhaja ta raba da kanta, malami ya raba da hannu, ko ɗalibai su zaɓa. Ni ban so na ukun ga ƙananan yara, abokai ke cunkushewa wuri ɗaya.

Injiniya:
Ƙari biyu. Idan maɓallin buɗe ɗakuna bai bayyana ba, mai yiwuwa ba a kunna shi a saitin asusu na shafin Zoom ba ne. Sannan naɗin da ake ajiyewa a rumbun intanet na Zoom zaure kawai yake ɗauka, abin da aka yi a ɗakuna ba ya shiga, shi ya sa mai rubutu ke da muhimmanci. Idan malami ya danna rufewa, ana ba ɗalibai daƙiƙa 60 kafin a jawo su, sai dai in an canza saitin. Wanda intanet ya yanke masa kuma sau da yawa zaure yake faɗowa, don haka a bar mataimaki a can ya mayar da shi ɗakinsa.

Malamar Kimiyya:
Na gode ƙwarai. Zan sa "ɗakin rukuni" da "zaure" a takardar jagorar ɗalibai. Maɓallin da suke kiran malami da shi daga ɗaki kuma zan rubuta "nemi taimako", sai dai in wani na da wanda ya fi shi.