Wai ƙullin da ke jikin RNA ɗin bairos zai iya zama lagonsa?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Salam jama'a. Ina aji uku a Jami'ar Umaru Musa, jiya malam ya taɓo wani abu G4 wai ana neman maganin bairos ta nan, ni dai iya sanina DNA igiya biyu ce a murɗe, to ina huɗu ta fito kuma mi ya haɗa ta da magani? A taimaka, jarabawa ta matso.

Yayan Daura:
Wa'alaikumussalam ƙanena. Inda harafin G, wato guwanin, ɗaya daga cikin haruffan DNA da RNA, ya yi yawa a jere, sai guda huɗu su riƙe juna su yi shimfiɗa kamar faifai, faifan su hau kan juna biyu ko uku, fotashiyam ya zauna a tsakiya ya riƙe su. Shi ne G4. Ka taɓa ganin tela yana ɗinki zare ya ƙulle a bakin allura? Haka injin da ke kwafar bairos ɗin yake cijewa in ya iso wurin. To dabarar ita ce a samu sinadarin da zai ƙara ɗaure ƙullin ya ƙi kwancewa. An gwada wani irin wannan sinadarin mai suna BRACO-19 a kan HIV da HSV-1 mai kawo ƙurajen baki, kuma ya rage yaɗuwarsu, amma fa a ɗakin gwaji.

Maman Ilham:
Ba G4 kaɗai ba ne ma. Korona tana da wani zarge a RNA ɗinta da ke sa ribosom, wato injin da ke karanta RNA yana haɗa furotin, ya zame baya da harafi ɗaya, in bai zame ba ba za ta samu furotin ɗin da take kwafar kanta da shi ba, kun ga ke nan ita ƙullin ne ma abincinta. A 2021 an nuna wani sinadari mai suna merafloxacin yana dagula zamewar.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Allah ya saka. To mi ya hana a sa shi a kemis?

Yayan Daura:
Hhh gaggawa. Mu ma jikinmu cike yake da wuraren da ke iya yin G4, dubu ɗaruruwa, har a ƙarshen kuromosom, sinadarin kuma bai san na bairos da na mai gida ba, ka je kashe ɓera ka ƙone rumbu. In malam ya tambaya ka fara rubuta masa wannan matsalar, sannan ka zana faifan nan da fotashiyam a tsakiya.