Kujerun majalisar dokokin Kano a zaben 2023, ya aka raba su ne?

Dan_Fagge: Salamu alaikum jama'a, musu muke a majalisarmu, wani yace wai NNPP ce ta cinye majalisar jiha gaba daya a 2023, haka ne?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam, a'a ba duka ba. Kujera 40 ce, NNPP ta samu 26, APC 14. PDP kam ko daya, tunda Kwankwaso ya fita da jama'arsa zuwa NNPP a 2022 ta zama kango.

Dan_Fagge: To ba kananan hukumomi 44 garemu ba, ya akai 40?

Malam Na Rimi: Kanina tsarin mulki ne ya kayyade, majalisar jiha bata wuce 40 bata kasa 24, shi yasa aka hade wasu kamar Rimin Gado da Tofa, amma ku lura 26 bata kai kashi biyu cikin uku ba sai 27, duk da haka rinjayen ya ishesu suka zabi Falgore kakaki, a Mayun 2024 kuma suka rushe dokar masarautun Ganduje, Sanusi ya dawo.

Baffa_Gwarzo: Guguwar jar hula ce kawai malam, da yawa albarkacin Abba, dan takarar gwamna na NNPP, suka ci, a mazabarsu ma ba kowa ya sansu ba wlh.