Rauta ɗaya ce gare ni, yaya intanet zai kai shagon ƙofar gida?

Baban Ummi, Gesse, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka mini da shawara. Watan jiya na sayi rauta, na'urar raba intanet, irin wadda ake sa wa sim, mai ramuka huɗu a bayanta, na ɗora ta kan firji a falo. A falon kam sabis sai hamdala. Matsalar, kwamfutocin da na saye ta dominsu ba a falo suke ba. Biyu suna shagon ƙofar gida inda yarona ke buga takardu da duba wa ɗalibai sakamakon WAEC da NECO, kuma tsofaffin na tebur ne, ba su kama waifai ko kaɗan. Sai laftof ɗin Ummi can ɗakin ƙurya, sai tawa. Na auna da igiyar magina, daga falo zuwa shago mita 26 ne, akwai bangon bulo uku da tsakar gida a tsakani.

Wani ya ce in sayi rauta ta biyu da sim ɗinta. Ni ɗan fansho, ina zan iya ciyar da layi biyu? Ɗayan ma datar wata guda kwana 12 ta yi ta ce ga garinku. Kuma tun da na sa rautar nan na lura samarin unguwa sun dawo da hirarsu dakalina bayan isha'i, kowa ya duƙufa kan waya.

Ɗan Jega Mai Gyara

Wa alaikumus salam Baba. Kada ka sayi layi na biyu, waya za ka ja. Ramukan nan huɗu da aka rubuta wa LAN aikinsu ke nan. Ka nemi kebul ɗin Cat6, yana kai saƙo har mita 100 ba tare da ya raunana ba, to ina ga 26. Ka sayi kamar mita 35 saboda lanƙwasa da hawa bango, a matse maka kawunan a shagon da ka saya tun kafin ka baro, a gwada a gabanka. Ka ce na tagulla zalla kake so. Akwai mai araha da cikinsa alminiyom ne aka shafa wa tagulla, ka kankare da wuƙa za ka ga fari. Wannan saurin karyewa gare shi.

A shagon sai ka sa ɗan suwic mai rami biyar, ba na fitila ba fa, na netwok. Kebul ɗin da ya fito daga falo ya shiga rami ɗaya, kwamfutoci biyu su ɗauki biyu, in firintar yaron tana da rami ita ma ta shiga. Ba wani saiti, rautar da kanta ke raba wa kowace na'ura lambarta.

Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne hanyar da kebul ɗin zai bi. Kada a rataya shi sama daga kwano zuwa kwano kamar igiyar shanya. Ranar Kebbi ta watan Afrilu za ta gasa robar ta farfashe, in damina ta faɗi kuma tsawa na iya biyo shi ta ƙona rauta da kwamfuta gaba ɗaya. A zura shi cikin bututun roba irin na masu wayarin, a bi gindin katanga ko a binne. Kuma kada a haɗa shi bututu ɗaya da wayar wuta.

Firjin nan ma ka sauke ta daga kai. Ƙarfe yana tare sigina, ga zafi. Ka kafa mata katako a bango sama da kanka, kusa da tagar da ke kallon tsakar gida.

Abu Hanan, Argungu

Ni fa ina ganin wahala ce wannan haƙa da bututu. Akwai ƴar na'urar da ake maƙalawa a soket ta ƙaro ƙarfin waifai, sai a saya wa kwamfutocin ɗan abin USB mai kama sigina. Minti goma an gama.

Ɗan Jega Mai Gyara

Malam Abu, a gidan da bango ɗaya ne zan yarda da kai. Na'urar nan abin da ta samu shi take maimaitawa, kuma mafi yawan masu arahar rabin gudun suke ci, don da baki ɗaya suke ji suke faɗa. Bayan bulo uku me ya rage da za ta maimaita? In don ɗakin Ummi ne, kuma rautar mai waifai iri biyu ce, na 2.4GHz da na 5GHz, ta fara gwada kama na 2.4 maimakon na 5. Na 5 ya fi gudu amma bango na kashe shi, na 2.4 ya fi ratsawa. In an ɗaga rautar sama wataƙila ma ya isa.

Maman Sadik, Tudun Wada, Gusau

Baba, ni maganar dakalin nan ce ta ba ni dariya, don an yi mini. Kalmar sirrin da ke manne a gindin rauta yaro ɗaya ya isa ya ɗauki hotonta, kuma wayoyin yanzu suna raba ta da ɗan hoton nan mai ɗige-ɗige, ko rubutawa ba sai an yi ba. Ka juya rautar, za ka ga adireshinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, wasu 192.168.8.1. Ka buga shi a burauza, ka shiga, ka duba jerin na'urorin da ke kai. Ranar da na duba tawa 17 na ƙirga, mu kuwa biyar ne a gidan. Ka canza kalmar waifai da ta shiga saitin rautar, duka biyun, tsaro ya zama WPA2 ko WPA3, ka kashe WPS, wato tsarin da ke haɗa na'ura da rauta ba sai an rubuta kalmar sirri ba.

Amma kada a ɗora wa samari duka laifin. Windows ɓarauniyar data ce, da ta ji intanet sai ta hau sabunta kanta ba sallama. A kowace kwamfuta akwai wurin da ake gaya mata layin nan na awo ne, sai ta rage. A yi wa na shagon ma, don in ta ga kebul ɗauka take kyauta ne.

Kebul ɗin yana da wani amfani kuma. Da aka rufe layukan waya a Zamfara a Satumban 2021, intanet ya tafi, amma kwamfutocinmu biyu da firinta sun ci gaba da miƙa wa juna takardu, don wannan tsakaninsu ne a cikin gida.

Baban Ummi, Gesse, Birnin Kebbi

Allah ya saka da alheri, ya yi wa zuri'a albarka. Hajiya, na duba, 14 na tarar, har da wata waya mai suna Sarkin Yaƙi. Na canza. Jiya da dare dakalin mutum biyu ne kawai, su ma ba su daɗe ba.

Ɗan Jega ɗana, an sayo kebul da bututu, gobe mai wayarin zai zo. Saura abu ɗaya: in aka ɗauke wuta shagon yana da sola, falo babu. A jikin cajar rautar an rubuta 12V. Ƙaramin batirin nan da ake sayarwa don rauta zai riƙe ta, ko in mayar da ita shago gaba ɗaya in jawo kebul ɗin zuwa cikin gida?